Mai Buhun Rubab a Watan Yuli

A tashar bas ta garin Wakefield a Ingila, wani dattijo yana zaune da buhu a cinya, ya rungume shi kamar jariri. Kwat ɗin zuwa coci ce a jikinsa, amma faratansa cike suke da ƙasa. Jajayen karan rubab, wani tsiron lambu da ake dafa karansa a ci, sun leƙo ta bakin buhun, faffaɗan ganyen duk sun yi yaushi. Jifa-jifa yana buɗe 'yar gorarsa ya yayyafa wa saiwar ruwa, shi kuwa ko kurɓa ba ya yi.

Ni da na tashi a gonar rubab, bakina ya ƙi yin shiru.

"Haba Baba, wa ke tone rubab a tsakiyar zafi? Ai sai Nuwamba, in ganye ya zube, a raba saiwar da shebur, kowane yanki da idonsa. Kashe shi za ka yi."

Ya dube ni, babu fushi a fuskarsa.

"Na sani, 'yata. Marigayiya matata Enid ce ta shuka shi. Jibi waɗanda suka sayi gidan za su tare, siminti za su malala a wurin."

Ina jin inda zai koma ko taku biyu na ƙasa babu. In ma rubab ɗin ya kama, sai shekara biyu kafin a tsinka, dattijon kuwa ya haura tamanin.

Ya girgiza gorar, ruwan ya ƙare. Bas ta zo, ya shiga. Sai da ƙofa ta rufe na tuna tawa gorar tana jaka, cike taf.