Randar Profira da Kunnen Gavril

A ƙauyenmu na bakin kogin Prut, in ka ambaci Profira matar Gavril, abu biyu ne za su faɗo wa mutane a rai: tsumulmula da ruwan tsami. Tsumulmular kam ba a magana. Matar da ke wanke leda ta shanya a igiya kamar kayan jariri! Guntayen sabulu ba ta zubarwa, tara su take a tsohuwar safa ta ɗaure bakin, ta yi wata guda tana wanke-wanke da su. Rigar sanyin da Gavril ya sa ranar da aka haifi 'yarsu Katinka ta koma safa, safar ta koma tsumman goge tukunya, kuma na tabbata tsumman yana nan a wani lungu yana jiran aikinsa na huɗu. Ita dai cewa take, wanda ya yi shekara ashirin yana noma a gonar gwamnati ba sai an koya masa tattali ba.

Ruwan tsamin kuwa, wanda muke kira borsh, shi ne abin tinƙahonta. Kowace mace a nan tana jiƙa dusar alkama da ɗan garin masara a randa, ta kwarara tafasasshen ruwa, in ya huce ta sa uwar tsami, wato dusar da ta kwanta a gindin jiƙon baya, ta jefa reshen itacen ceri ta rufe. Bayan kwana uku sai a ɗiba a yi miya, ko a sha shi haka nan da safe. Amma na Profira daban yake, in ka kurɓa sai ka runtse ido. Uwar tsaminta gadon surukarta ce, shekara arba'in da bakwai tana juya ta ba ta taɓa mutuwa ba.

Kowa a nan ya san randa ba ta tsami a hannun mace mai sanyin rai. Sai an cika ta cikin fushi, a kuma ja kunnen wani a gidan. Masu yara su ja na yara. Profira kuwa, tun da Katinka ta girma ta tafi Italiya aikin jinyar tsofaffi, Gavril ne ke ba da kunne. Ya kuma san aikinsa. Da ya ga ta ɗora babbar tukunya, sai ya shigo da takalmi duk taɓo, ya ce tuwon masarar jiya gudaji ne zalla.

"Tsoho, fita mini kafin in fasa maka kai da muciya!"

"Fasa mana, tsohuwa. Ai ba komai a ciki, da akwai da ban aure ki ba."

Sai ta damƙi kunnen ta murɗe har ya yi ja, ta koma kan randa tana masifa, shi kuma ya fita yana sosawa yana dariya. Haka suka yi ta yi har gashinsu ya yi fari.

Bara, bayan an gama tsinkar inabi, Gavril ya faɗi a bakin rijiya. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, harshe ya yi nauyi. Mako uku suka yi a asibitin birni, tana kwana a kan kujera, sannan aka dawo da shi gida aka shimfiɗe a gadon da ke kusa da murhu.

Daga nan rayuwarta ta koma abu ɗaya. Ta juya shi, ta goge masa jiki, ta canza zanen gado, ta jawo ruwa ta wanke, ta ba kaji, ta tatsi akuya, ta dawo ta sake juya shi. Hunturu ya shigo, ƙanƙara ta rufe hanya. Don itace ya kai su bazara, ɗakinsa kaɗai take hura wa wuta, shi ma rabi da totuwar masara. Kicin ɗin da randa take ya yi sanyi ƙalau. Bayanta ya riƙe, yatsunta suka tsattsage. Ba ta kuka, ba ta ƙorafi. Gajiya ce irin wadda ko an taka maka ƙafa ba ka da ƙarfin cewa wayyo.

Abin da ya fi cin ranta, Gavril ya daina cin abinci. Likita ya faɗa mata ɓaro-ɓaro cewa in bai ci ba, gyambon da ya fara fito masa a baya ba zai warke ba, kuma ba zai ga bazara ba. In ta kawo cokali sai ya datse baki ya kau da kai. Kalma ɗaya yake iya fitarwa da kyau: "Tsami."

Katinka ta bugo waya. "Mama, don Allah ki daina wahalar da kanki. Akwai garin tsamin a kanti, a leda, zubawa kawai za ki yi."

Ta saya, ta yi miya da shi. Ya tofar. Maƙwabciyarsu Saveta ta kawo kwalba guda na randarta, ya shinshina ya rufe ido. Nata yake so.

Sau uku tana cika randa, sau uku abin yana lalacewa. Ta buɗe ta tarar da ruwa mai yauƙi, salam, yana warin jiƙaƙƙiyar dusa. Kaji suka samu rabonsu, don ko lalatacce ba ta zubarwa. Uwar tsamin da ta adana a kwalba kuwa sai raguwa take, har ta koma abin da bai wuce cikin tafin hannu ba.

"Kunnen wa kika ja?" in ji Saveta, suna tsaye a bakin ƙofa.

"Na wa zan ja? Na mage?"

"To ki yi fushi mana, baiwar Allah! Ke da ake jin muryarki har bakin kogi."

"Fushi ma sai da ƙarfi, Saveta. Ni yanzu ko akuya ta zubar mini da nono kallonta kawai nake."

Ƙofar ɗakin a buɗe take, kuma kunnen Gavril na dama lafiyarsa ƙalau.

Ranar Laraba da hantsi ta ɗora babbar tukunya a murhun ɗakinsa, za ta gwada na ƙarshe. Ruwa ya fara ƙara. Sai ta ji yana kokawa da harshensa.

"Na Saveta... ya fi... naki."

"To," ta ce, ba ta ko waiwaya ba.

"Uwata... ta ce... hannunki... ruwa ne."

"Allah ya ji ƙanta."

Ya sauke numfashi. A kan ɗan teburin da ke damansa akwai babbar kwalbar dafaffen ruwan tuffa da ta buɗe masa da safe. Kwalbar ta girmi Katinka, kowace kaka sai an cika ta. Ya miƙa hannunsa mai lafiya, ya tsura mata ido, ya tura kwalbar a hankali har ta kai baki. Tas! Ruwa ya malale a daɓen da ta goge ɗazu, tuffa da gilashi ko'ina.

Wallahi har gidanmu muka ji.

"Gavril! Kai wane irin mugun tsoho ne? Wata uku ina kwashe maka kashi da fitsari, ban yi barcin kirki ba, bayana ya karye, hannuna ya tsage, kai kana kwance kana ƙin ci kamar ɗan sarki! Na gaji! Ka ji ko? Na gaji da kai, na gaji da gidan nan, na gaji da raina! Sukarin da ke cikin kwalbar nan ka san daga bakina na hana?"

Ta tsallake fasassun gilashin ta damƙi kunnen da ya fi kusa da ita, ta murɗe da iyakar ƙarfinta. Ko gezau bai yi ba. Ta ƙara murɗewa, fuskarsa ba ta motsa ba. Sai a sannan ta tuna na hagu ne, ɓarin da ba ya jin komai. Hannunta ya saki, ta tsaya tana haki.

Gavril ya cije, jijiyar wuyansa ta miƙe, ya dinga juya kansa a kan matashi kaɗan-kaɗan har kunnen dama ya fito fili.

"Wannan," ya ce.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kama kunnen, hawaye na zuba, ta murɗe shi har ya yi ja, har ya ce wash.

"Randa," ya ce. "Maza."

Ba ta da ƙarfin ɗaukar tukunyar zafi zuwa kicin, sai ta je ta jawo randar da ƙyar har gindin murhu. Nan ta cika ta, tana kuka tana zaginsa, shi da uwarsa da kakanninsa. Da ruwan ya huce ta juye sauran uwar tsamin duka, ta rufe da tsohon bargo. Randar ta zauna a nan, don ba mai mayar da ita.

Ranar Asabar ta buɗe ta ɗanɗana, ta runtse ido. Katinka ta ce ɗumin murhu ne, Saveta ta ce kunne ne. Ni ba na shiga wannan gardamar.

Ta yi miya da dankali da ƙashin kaza, ta tuƙa tuwon masara mai laushi. Cokali tara ya sha, rabin kowanne yana zubowa ta gefen bakinsa tana tarewa da tsumma. A na goma ya kau da kai ya ce gishiri ya yi kaɗan.

Bai tashi daga gadon ba har yau, ita ma bayanta bai saki ba. Da yammacin ranar Asabar ɗin ta kwashe duk wani abin gilashi daga teburin damansa ta kai can saman kabad. Sannan ta lalubo wani tsohon kofin ƙarfe da ya lanƙwashe, wanda ko sau ɗari aka jefar ba zai fashe ba, ta ajiye masa daidai inda hannunsa zai kai.