Ƙoƙon Kan da Kwamanda Ya Aiko Lakwal

Ina da ƙuruciya lokacin da aka turo ni Filinge in koyar, takardar gama makarantar malamai tana naɗe cikin akwatina. Lakwal ɗin, wato makarantar bokon, ɗaki biyu ne na laka, da shingen zana. Ni aka ba manyan yara, waɗanda wasunsu gemu ya fara tsiro musu, kusan dukansu kamo su aka yi daga ƙauyukan Kurfai. Cikin abin da aka ɗora mini har da darasin jikin mutum, alhali ba ni da komai na nunawa sai wani hoton ƙwarangwal da gara ta cinye masa kai.

Wata rana kwamanda, Bafaranshen da ke mulkin bariki, ya shigo duba aiki. Ya ga hoton, ya yi dariya, ya ce ba a koyar da kimiyya da abin da babu. Washegari sai ga gardi, ɗaya daga cikin dogaran bariki, da kwando a rufe. Ya dire shi a kan teburina, ya yaye tsumman.

"Mushe, ga sabon ɗan lakwal an kawo ma," in ji shi, don Mushe ake kiran malamin boko a bakin Faransa. "Wanga ba ya surutu, ba ya gudu gida."

Ƙoƙon kan mutum ne. Na san shi, don na taɓa ganinsa a ofishin kwamanda yana danne takardu. Gardin ya ce a kufan wani gari aka tsinto shi, garin da sojan Nasara suka ƙone farkon zuwansu, suka hana a binne waɗanda suka faɗi. Ba zan ambaci garin ba. Jikokin mutanensa suna zaune a gabana a ranar, ko da yake a lokacin ban tabbatar da su nawa ba ne.

Na yi darasin kamar yadda aka koya mini. Na nuna ƙashin goshi, da muƙamuƙi, da layukan da ƙasusuwan suka haɗu kamar ɗinkin ƙwarya. Ina ƙoƙarin rufe wani wuri da yatsana, wani ɗan rami bisa kunne, amma ƙeyar a fashe take, ba ta rufuwa. Sai yaron da ya fi kowa tsawo ya miƙe. Ɗan wani manomi ne daga cikin masu bin addinin kakanni, yaro mai kaifin kai, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba.

"Mushe, mi ya huda shi?"

Na ce mai yiwuwa harsashi ne, ya shiga nan ya fita can.

"Namiji na ko mace?"

Na ce ina jin namiji ne, amma ba zan rantse ba.

"To, kimiyya ba ta san ko wane ne ba?"

Na ce ba ta sani ba. Ya zauna. Kakansa yana cikin waɗanda ba a binne ba. Wannan daga baya na ji.

Ranar kasuwa tsofaffin mata suka zo suka jeru bakin zana. Suna ta leƙen teburin ta ƙofa. Tunda ba a san mai kan ba, ina tsammani kowace ta ɗauke shi nata ne. Da na dawo daga sallar azahar, kwandon yana nan, babu komai ciki.

Labari ya kai bariki kafin in yanke shawarar abin da zan faɗa. Kwamanda ya zo da kansa, da gardawa, da bulalar dorina. Aka fito da manyan yaran, aka tuɓe musu riguna, aka kwantar da su rubda ciki bisa rairayi mai zafi. Ni aka sa tafinta. Shi ya tambaya da Faransanci, ni in maimaita da Hausa: ina kan?

Suka fara da na bakin layi. Dorina ba ta barin sawu kawai, tsaga fata take yi. Bugu na farko farin layi, na biyu jini. Yaron ya yi ta kiran uwarsa har muryarsa ta dushe, aka wuce kan na gaba. Wani ya saki fitsari, gardawa suka yi masa ihu. Ni kuwa ina tsaye ina ta cewa "ina kan?" da bakin da na koya musu karatu da shi. Babu wanda ya amsa. Na yi imani dukansu sun sani.

Da aka iso kan dogon yaron, gardin da ya kawo kwandon ya ce, "Ranka ya daɗe, wanga shi ne mai yawan tambaya." Suka taka masa hannuwa. Ban ƙirga bugun ba. Na dai ga rairayi yana manne wa naman bayansa, na ga ya daina motsi, kuma ba su daina ba. Ɗaya ya murɗe masa hannu don ya farkar da shi, na ji ƙashin ya karye. Kwamanda ya ce a zuba masa ruwa a ci gaba. A nan na gane cewa yaron zai mutu bai faɗi ba, ko kuma wani ƙarami ya faɗa, a je a tone ramin da nake zaton an binne kan a ciki.

Ban san inda maganar ta fito mini ba. Na ce da Faransanci ni na ɗauke kan, na ƙone shi. Na ce lokacin sankarau ne, kuma an koya mana cewa ƙwayoyin cuta suna iya daɗewa cikin ƙashin da ya kwana a kufai, na ji tsoro ga yara. Ko hakan yana da ƙamshin gaskiya, har yau ina shakka. Na fi zaton babu. Amma na faɗe shi da kalmomin littafi, a jere, kamar mai ba da hadda.

Kwamanda ya karɓi dorinar daga hannun gardi, ya juya ta, ya maka mini gindinta a baki. Na faɗi. Na ji haƙora biyu suna yawo cikin jini a kan harshena. Ya shure ni a haƙarƙari, yana zagina da baƙin da aka ilimantar ya fi ƙarfin wurinsa. Sa'an nan ya tsaya. Na gan shi daga ƙasa yana duban tafin hannunsa. Shekaru yana taɓa wannan kan, yana cin abinci kusa da shi. Ya goge hannun a wando, ya ce a je a wanke teburinsa da tafasasshen ruwa da sabulu, ya juya ya tafi. Gardawa suka naɗe bulala suka bi shi.

Aka ɗauki dogon yaron a kan ƙyauren ɗaki. Ya rayu, amma hannun bai sake miƙewa daidai ba, kuma bai dawo lakwal ba. Ba wanda ya je kamo shi.

Bayan bakina ya ɗan sace, uban yaron ya iske ni a gida. Ya tsuguna bakin ƙofa, ya ƙi tabarma. Muka gaisa, na tambayi mai jiki, ya ce da sauƙi.

"Mushe, an ce kai ka ƙone shi."

"Haka na faɗa, baba."

Ya daɗe yana duban leɓena da ya kumbura.

"To," ya ce, "mu ma haka munka ji. Duk wanda ya tambaye mu, haka za mu hwaɗi."

Ya tashi ya karkaɗe gwiwoyinsa. Ban tambaye shi inda aka sa kan ba, shi ma bai faɗa ba, kuma iyakar sanina ba a taɓa tone shi ba.