Takarda Ɗaya Mai Hannu Biyu

A duk tarihin kamfanin, babu mutumin da ya haɗa kan masu zanen gini da injiniyoyi kamarsa. Haka ake faɗa, kuma ba ƙarya ba ne. Masu zane suna sama, injiniyoyi suna ƙasa, tsakaninsu matakala mai taki ashirin da biyu, shi kuwa aikinsa hawa da sauka. Har sunansa na gaskiya ya ɓace, kowa Malam Matakala yake ce masa.

Da can mai kwafar zane ne. Ya shigo yana saurayi da fensir a bayan kunne, ya shekara goma sha tara yana jan layi. Sai kwamfuta ta zo, hannunsa kuma ya fara rawa, kusan a wata guda. Da tuni an sallame shi, ba don wani ginshiƙi ba. Kamfanin na mutum biyu ne, Mai Zane da Injiniya. Ita ta zana wani zauren taro fili fetal, shi ya dasa masa ginshiƙi a tsakiya, ya ce ko wannan ko rufi ya sauko kan jama'a. Ranar da ta ga ginshiƙin ta hau sama, ba ta sake yi masa magana ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Da yake gini ba ya tsayuwa sai da su biyun, aka nemi mai kai saƙo.

Tun a makon farko ya gane saƙo ba ya kaiwa yadda aka ba da shi. In ta ce, "Gaya wa wancan mai rodin, gida nake zanawa ba kurkuku ba," kafin ya kai tsakiyar matakala maganar ta koma, "Ranka ya daɗe, tana gaisuwa, ta ce ko za a ɗan rage kaurin bangon." In Injiniya ya ce, "Ce mata takarda ba ta rushewa, shi ya sa take da baki," sai ya hau ya ce an yaba da zanen. Da wannan wankin saƙo aka gina makarantu uku da ɗakin karatu, kuma duk suna tsaye.

Sai aka ba su aikin sabon ɗakin haihuwa a asibitin da babbar 'yarsa take aikin nas. Tsohon ɗakin ya san shi sarai, don yakan kai mata saƙon uwarta. Rufin kwano ne, in an ɗauke wuta fanka ta tsaya, sai ka ga nas-nas suna yi wa masu naƙuda fifita da bangon fayil. Sharaɗin sabon ginin shi ne ya sanyaya kansa, ko da wuta ko babu. Mai Zane ta juya shi ya ba rana baya, ta sa tagogi ƙasa-ƙasa don iska ta shigo, sannan can sama ƙarƙashin rufi ta jera ramuka arba'in da biyu inda zafi zai riƙa fita.

A gida ya zana wa 'yar tasa yadda abin zai kasance a bayan ambulan. Bai ce "sun zana" ba, cewa ya yi "mun zana."

"Baba, wato zan jefar da fayil ɗina?"

"Ki ba wa mai buƙata."

Ta je ta gaya wa duk abokan aikinta.

Injiniya ya duba zanen ya ce daidai inda ramukan suke, nan bim zai bi, wato gadar kankaren da za ta ɗauki rufi. "Ce mata ta kwashe ramukan ɓeranta." Ita kuma ta ce, "In ya taɓa min rami ɗaya, ya gina asibitin shi kaɗai." Malam Matakala ya tsaya a tsakiyar matakala ya juya maganganun nan gaba da baya, bai samu gefen da zai wanke ba. Gwiwarsa na ciwo ranar. Ya sauka ya ce ta amince, ya hau ya ce ya amince. Niyyarsa ya dawo kan maganar idan zukata sun huce. Zukata ba su huce ba, zane biyu suka tafi wurin gini, kowanne da sa hannun mai shi.

Wata huɗu bayan haka, ran Litinin, aka aike shi wurin ginin da wata takarda. Ya ɗaga kai ya ga ramukan a jere, gwanin kyau. Ya zaga ciki ya ga an kafa katako an ɗaure rodi a bayansu, daga wannan bango zuwa wancan. Shirin zuba bim ke nan.

"Maigida, yaushe za ku zuba kankaren nan?" ya tambayi shugaban magina.

"Alhamis da safe."

"In kun zuba ai ramukan sun toshe."

"Na gani tun kafin ka gani, Malam. Wannan takardar ta ce rami, na yi rami. Wannan ta ce bim, ga bim. Ni ba alƙali ba ne."

"Ka ɗaga min mako guda, don girman Allah."

"Ko kwana ba zan ɗaga da baki ba. Kawo min takarda ɗaya mai hannu biyu, in kwance katakon nan da kaina."

Talata da sassafe, kafin kowa ya zo, ya ciro tsohon allonsa na zane daga bayan kabad, ya danne wuyan hannun dama da na hagu, ya ja layi. Gyaran ba wani abu ba ne: bim ya hau taƙi guda, ramuka su sauko taƙi guda, rufi ya zauna, zafi ya fita. Ya goge sau tara.

Ya hau sama da takardar, ya faɗi gaskiya a tsaye. "Ranki ya daɗe, bai taɓa amincewa ba. Ni na ƙirƙira."

Ta daɗe tana kallon zanen. Ta ce gyara ne mai kyau, ita ma da haka za ta yi. "Tunda shi ya toshe, shi zai fara sa hannu."

Ya sauka ya maimaita. Injiniya ya danna kalkuleta, ya ce lissafin ya fita. "Amma ita ta haƙa rami a hanyar bim. Ta sa hannu, in sa."

Ranar ya hau sau goma sha huɗu. Laraba ya daina ƙirgawa. Ya kawo shawarar su sa hannu a lokaci guda, kowa da alƙalaminsa, a tsakiyar matakala. Ta ce ba ta sauka, ya ce ba ya hawa. Ya ce to a yi kwafi biyu, kowa ya sa wa ɗaya, a yi musaya. Suka tambaya, kowa a ɗakinsa, wa zai fara karɓa. Da la'asar ya durƙusa gaban teburin Injiniya, da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa, ya ce, "'Yata ce a ɗakin nan. Mata ne za su haihu a ciki."

"Shi ya sa ba zan bar rufi ya faɗa musu ba. Tashi, Malam, kai ba yaro ba ne."

A sama ma da ya ambaci matan, cewa ta yi, "Saboda su na zana ramukan. Je ka gaya masa."

Da yamma 'yarsa ta tambaye shi yadda ginin ke tafiya. Ya buɗe baki, sai ya ji ya ce, "Yana gaisuwa." Ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne.

Alhamis ya je wurin ginin da takardar a aljihu, babu hannun kowa a kanta sai shatin yatsunsa. Shugaban magina ya dube shi, ya dubi agogo, ya ƙara masa rabin awa da ba a roƙa ba. Sannan aka tayar da injin kwaɓa kankare.

An buɗe ɗakin haihuwar bayan wata biyar. Daga titi ramukan sun yi kyau ƙwarai, masu ɗaukar hoto duk ta wannan gefen suke tsayawa. Zurfin kowane rami bai wuce tsawon yatsa ba. 'Yarsa ba ta taɓa tayar masa da maganar ba, ta dai sayi sabon fayil mai bango mai kauri.

Shi kuwa a ƙarshen watan aka kira shi aka miƙa masa ambulan. Ya buɗe a tsakiyar matakala. Takardar sallama ce, layi uku, ɗauke da sa hannun su biyun.