Harawar Da Na Jibge A Ƙofar Baya

A lokacin da wannan abu ya faru na haura shekara hamsin, mijina kuma ya yi shekara huɗu da rasuwa. Ya bar mana gidan haya a Makarfi, ɗaki takwas suna kallon juna, da dogon lungu a tsakiya wanda aka rufe da kwano. Ƙofa biyu ce a gidan, ta zaure a gaba, da wata 'yar ƙarama a can ƙurya da ke fita baya. 'Ya'yana biyu duk sun yi nisa, macen tana aure, namijin yana aiki a kudu, tsakanina da su sai waya. Na riƙe ɗaki ɗaya, sauran na zuba 'yan haya, yawancinsu ɗalibai da ƙananan ma'aikata masu fita da safe su dawo da yamma. Ni mace ce mai son a ce da ni mai gida, kuma ban iya karɓar gyara ba. Wannan halin na san shi tun ina ɗakin miji, ban dai taɓa zaton wata ce za ta biya kuɗinsa da jikinta ba.

A ɗakin ƙurya, dab da ƙofar baya, akwai wata dattijuwa 'yar garin Taba da ta girme ni da 'yan shekaru. Ita ma mijinta ya rasu, ba ta taɓa haihuwa ba, kuma ɗinkin hula ne abincinta. Tana fama da ciwon gwiwa, sai da sanda take tafiya. Ina ce mata Yaya, ita kuma tana tsokanata da Hajiyar tumaki, saboda ragunan da nake turkewa a wani shinge a gefen gida don kasuwar layya. Kullum bayan la'asar nakan ɗauki kwanona in tafi ƙofar ɗakinta, mu haɗa abincinmu mu ci, tana ɗinki ina surutu. Ba zan ɓoye ba, tun da aka fita da gawar mijina, ita kaɗai ce mutumin da ke lura idan ban ci abinci ba.

Da kaka ta yi, aka kawo mini harawa daga gonarmu ta Gazara, dami ya fi ƙarfin inda na saba ajiyewa. A waje awakin unguwa za su cinye, a kan rufi kuma ana sata. Sai na dubi ƙofar baya, na ce ai babu mai bin ta. Na sa sakata, aka jera damman nan tun daga ƙasa har suka taɓo kwano. Yaya ta yi mini magana sau uku, ina ƙirge da su. Ta farko cikin wasa, ta ce ashe raguna sun fi ta daraja tunda an ba abincinsu ƙofa. Ta biyu ta ce ita fa ba ta da ƙafar gudu, idan wani abu ya taso daga zaure ina za ta bi. Na ce mata ta daina yi mana mugun baki. Ta ukun ba ta yi dariya ba, ta ce in rage ko da rabi ne, yadda hannu zai kai ga sakata. Na ce sai bayan salla, in an sayar da ragunan.

Ana cikin haka duba-gari ya shigo zagaye. Ya tsaya a gaban harawar ya daɗe yana kallo, sannan ya yi mini bayani cikin ladabi. Ya ce gidan da mutane da yawa ke haya ba kamar gidan mutum shi kaɗai ba ne, hukuma ta ɗora wa mai shi nauyin barin hanyar fita a buɗe, da kiran ƙwararre ya duba wayoyin lantarki, da ajiye abin kashe gobara, ko da bokitan yashi ne, da kuma raba ɗakunan kwana da duk abin da wuta ke saurin kamawa. Na yi ta cewa to, to, na raka shi har zaure da godiya. Yana juya baya na ce yaron jiya ne zai koya mini zaman gidan da aka gina tun kafin a yaye shi. Ban ɗaga ko dami ɗaya ba.

Ranar da abin ya faru na tafi ta'aziyya Dandamisa tun da hantsi. Gidan babu kowa sai Yaya. Wata ɗaliba da ke ɗakin farko ta bar hitar dafa ruwa a cikin bokitin roba da aka ɗauke wuta, ta manta ba ta zare ba ta tafi makaranta. Wajen azahar aka dawo da wuta, ruwan ya ƙone, robar ta kama, daga nan sai katifa, sai silin. Kafin maƙwabta su ankara zaure ya zama ba ya shiguwa, hayaƙi ya cika lungun nan mai rufi. Yaya ta rarrafo zuwa ƙofar da ke taku uku daga ɗakinta, ta tarar da bangon harawa. Ta fara janye damman da hannu tana neman sakata, wuta kuma ta biyo silin tana zubo garwashi a kansu. Ba ta fasa ja ba, don ba ta da wata hanyar. Masu yankan rake da ke wucewa ta baya ne suka ji salatinta, suka sare ƙofar da gatari suka jawo ta.

Da na iso, rabin gidan ya zama gawayi. Ragunana suna nan a shingensu lafiya ƙalau suna tuƙa, ko gashinsu bai babbake ba. Ban taɓa ƙin wata halitta kamar yadda na ƙi su a ranar ba, alhali ba su yi komai ba.

Yaya ta rayu, amma yatsunta sun ƙone sun ƙandare, ba za su sake riƙe allura ba. Da jami'ai suka zo asibiti suna tambaya, har da duba-garin nan, sai ta ce ƙaddara ce, ba ta ƙarar kowa, kuma ba ta ambaci maganar da ta yi mini ba. Duba-garin ya ɗago ya dube ni, na sunkuyar da kai. Aka ja mini kunne, aka gindaya mini sharuɗɗa kafin in sake zuba 'yan haya. Masu zuwa jaje kowa ya buɗe baki sai ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ni kuma in amsa da haka ne. Danginta har godiya suka yi mini don na yi jinyarta. Har yau ba su san ta roƙe ni sau uku ba, 'ya'yana ma ba su sani ba. Da ta zage ni a gaban mutane, da na fi samun sauƙi.

Wani ɗan ƙanenta ya mayar da ita Taba. Sai da na yi wata biyar kafin na iya zuwa. Na same ta a kan tabarma, matar gidan tana gutsura mata tuwo tana sa mata a baki. Na zo da kalaman neman gafara cike da bakina, amma ta riga ni. Ta kira ni Hajiyar tumaki kamar da, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ta tambaye ni ko an buɗe ƙofar nan. Na ce an buɗe. Ta ce to alhamdu lillahi, shi ke nan. Na fashe da kuka, ita ce ma take ba ni haƙuri.

Abin da na koya shi ne, ƙaddara gaskiya ce, amma ba ita ta sa sakata ba, ba ita ta jera damman ba. Ni ce. Duk wanda ya karɓi mutane a ƙarƙashin rufinsa, rayukansu ya karɓa amana, ko hukuma ta zo dubawa ko ba ta zo ba. Ina roƙon masu gidajen haya, maza da mata, ku tashi yau ku bi hanyar fita ta gidajenku da ƙafarku, ku tuna da wanda ya fi kowa rauni a ciki. Idan buhu ne, ko itace, ko jarkar fetur, ko harawa, ku kawar, kada ku ce sai bayan salla. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

An gyara gidan, na bar kiwo, bokitan yashi suna jere a lungu. Sababbin 'yan haya suna gaishe ni su wuce. Ɗakin ƙurya ban ba kowa ba. Bayan la'asar nakan ɗauki kwanona in zauna a ƙofarsa in ci ni kaɗai, ƙofar baya a buɗe, ba kowa a kusa da ita.