Ƙwan da Na Soya a Gaban Surukata

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata waɗanda sai na yi dogon tunani kafin in tuno su, amma ranar da aka fasa wani ƙwai a tsakar gidanmu a Dutse ba ta cikinsu. Wannan kam har in koma ga Allah ba zan manta da ita ba.

A lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba. Maigidana ƙaramin ma'aikaci ne a sakatariya, muna zaune a gidan haya can gindin duwatsu, ni kuma ina ɗauke da ciki bayan na yi ɓari har sau biyu. Katanga ce kawai ta raba mu da wata tsohuwa Bafulatana da kowa ke kira Goggo. Shanunsu sun daɗe da ƙarewa, sai ɗanta ya ɗauko ta daga wajen Jahun ya kama mata ɗaki. Shi direba ne, ba ya zaman gari. Ba ta da yawan magana, Hausarta ma ba ta gama fita ba, don haka matan unguwa ba su sake da ita ba. Ita ce ta ba ni wata baƙar daƙwalwa kyauta, ta ce in riƙa cin ƙwai ko na ƙara jini.

Da farko kazar ta saka mana ƙwai mai gwaiduwa biyu, muka yi ta dariya ni da maigida. Bayan ɗan lokaci sai na tarar da wani a akurki babu ɓawo, taɓas-taɓas kamar an ɗura ruwa a leda. Sai wani ɗan mitsitsi, bai kai na tattabara ba, ba ko gwaiduwa a ciki. Sai kuma wani duk ya yamutse kamar fatar hannun tsoho. Ni mamaki kawai nake, har nakan nuna wa masu shigowa ɗiban ruwa. Kafin in ankara magana ta zaga unguwa, wai Goggo mayya ce, ta ba ni kazar ne don ta kama kurwar abin da ke cikina. Aka daina sayen furarta. Aka daina amsa mata sallama.

Labari ya kai har Buji wurin surukata, ta hawo mota ta zo. Washegarin zuwanta da hantsi kazar ta saka wani ƙaton ƙwai, ya kusa biyun na kullum, har da ɗigon jini a jikinsa. Nan da nan mata suka cika gidan. Surukata ta sa aka kawo kwano ta fasa shi da kanta. Farin ya zubo, gwaiduwa ta biyo, sai ga wani ƙwai cikakke da ɓawonsa ya faɗo cikin kwanon.

Gida ya ɗauki salati. Wata maƙwabciya ta ce, "Kun gani ko? Ƙwai a cikin ƙwai. Ɗan cikinki ne ta ɗaure."

Surukata ta ce, "A yanka kazar nan a binne ta. Sannan a kira mai unguwa da 'yan hisba. Matar nan ba za ta sake kwana kusa da jikana ba."

Ana cikin haka sai muka ji sallama. Goggo ce a bakin zaure, riƙe da 'yar ƙwarya, ta kawo min man shanu kamar yadda ta saba. Ba wanda ya amsa. Ta dubi kwanon, ta dubi fuskokinmu. Ta gane.

Ba zan ce ban ji tsoro ba. Wadda ta taɓa rasa ciki ta san yadda zuciya ke karɓar kowace irin magana. Na dai san kakata a Kiyawa takan ce kaza in ta tsufa ko ta firgita takan yi ƙwai iri-iri, har takan daka ɓawo ta zuba musu a dusa. Amma ƙwai a cikin ƙwai ban taɓa gani ba. Abin da na tabbatar shi ne, matar nan ita ta zauna da ni lokacin ɓarina na biyu, ita ta wanke min zannuwa, alhali masu salatin nan ba wadda ta leƙo.

Tun da aka yi aurena ban taɓa ɗaga ido na dubi surukata ba, balle in musa mata. Ranar na durƙusa a gabanta na ce, "Inna, ku gafarce ni, zan yi magana. Ba mu ga ta yi komai ba. In muka kira ta da wannan suna ba hujja, me za mu gaya wa Allah?"

Ta ce, "Ke yarinya ce, ba ki san duniya ba."

Na ce, "Haka ne, Inna. To ku bari in gwada a kaina."

Na tashi na amsa sallamar Goggo, na karɓi ƙwaryar. Akwai sauran garwashi a murhu. Na ɗora kasko, na zuba man shanunta, na fasa ƙaramin ƙwan a kan babban, na kaɗa da albasa da gishiri na soya. Matan duk suka zuba min ido. Na shimfiɗa tabarma na ce, "Goggo, bisimilla." Ta zauna tana share hawaye da bakin mayafi. Muka sa hannu a kwano ɗaya muka cinye tas. Gabana na faɗuwa, amma ban bar ko ɓarɓashi ba.

Matan suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Surukata ta shige ɗaki, ta yini a ciki. Da maigida ya dawo daga aiki ya ji abin da ya faru, sai ya ce, "Da ina nan, ban san ko zan iya ba." Ba a kira mai unguwa ba, kazar ma ba a yanka ta ba.

Da watan haihuwa ya kama na sauka lafiya, aka samu mace. Surukata ta dawo don wankan jego, kuma ita da bakinta ta ce a kira Goggo ta taya ta, wai hannunta ya fi sanin jarirai. Ba ta taɓa ce min na yi daidai ba, amma ranar suna na ji tana gaya wa 'yan'uwanta, "Matar ɗan nan nawa, ba ta da tsoro."

Nakan ce wa 'yata, wadda yanzu ita ma uwa ce, ko da cikin nan bai tsaya ba, Goggo ba ta da laifi. Abin da na koya shi ne, in mutane suka ga abin da ba su gane ba, wanda ba shi da kowa suke fara nema su ɗora wa. A irin wannan lokaci mutum ɗaya ya isa ya tsaya masa, ko da shi ma gabansa na faɗuwa. Ina gode wa Allah da ya sa a ranar ni ce na tsaya.