Gishirin Baƙi

Ni mutum ne da in na ga ɓera zan rantse kura na gani. Abokan noman albasata a Bakolori sukan ce in labari ya fito daga bakina a raba shi uku a zubar da biyu. Wannan dai kada a raba shi.

Shekarar da yayata take da cikin autarta, mai unguwa ya yi shela cewa masu bincike za su zo daga birni, kowane gida ya kawo cokali guda na gishirin da yake miya da shi. Wai za su duba ko akwai aidin a ciki, sinadarin da rashinsa ke kawo maƙoƙo. Ni duk wannan bayani bai shiga kunnena ba. Abin da na ji kawai shi ne baƙi za su ga gishirinmu.

Gishirinmu kuwa na buhu ne, ja-ja, mai tsakuwar da za ta iya fasa haƙorin jaki. A kasuwar Talata Mafara ake auno shi. Shi shanu ke lasa, shi muke zubawa a miya. Farin na leda sai ranar suna, ko in an yi baƙon kunya.

Na tsaya a majalisa bayan la'asar na ce, "Wallahi in sunka ga wanga gishiri, a rediyo za a faɗi. A ce mutanen gefen Dakko kwano guda suke ci da jakkai." Aka yi dariya har wani tsoho ya ƙware da goro. Dariyar ce ta ɗebe ni. Washegari na hau babur zuwa Bakura na sayo farin na leda, na bi gida-gida ina zuba wa mata a murfin kwano.

Yayata ce kaɗai ta yi gardama.

"Kai, ba na miya sunka ce a kai ba?"

"Yaya, baƙo za ki miƙa wa gishirin saniya? Ki bari a binne mu da mutuncinmu."

"Kai dai bakinka zai kashe ka," in ji ta, tana dariya. Hannunta na kan wuyanta, inda wani ɗan kumburi ya fito kamar ƙwan kurciya. Ta karɓa.

Masu binciken suka zo, mata biyu da namiji, suka zauna ƙarƙashin darbejiyar makaranta. A ɗiga wani ruwa a kan gishiri, sai ya rine kamar an zuba bula. Gida bayan gida yana rinewa. Babbar cikinsu ta ce, "Madalla, ku kam kun tsira." Wata tsohuwa daga ruga, wadda ban kai gare ta ba saboda nisa, ita ce ta kawo na buhu. Nata bai canza ba. Muka yi mata dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi.

Bayan 'yan watanni wani abokina na Janbako ya ba ni labari a bakin kasuwa. Su nasu gishirin bai rine ba, sai masu binciken suka komo da ƙwayoyin aidin suka raba wa masu ciki, suka zaunar da mata suka ce a canza gishiri. Mu ba mu cikin jerin. Ba su da laifi. Abin da muka nuna musu shi suka rubuta.

Yayata ta haifi mace. Jaririya shiru, ba kuka, sai barci. Mata suna ta yabon haƙurinta. Sa'o'inta suka zauna, ba ta zauna ba. Suka yi tafiya, tana kwance. Wuyan uwar kuma ya tashi daga ƙwan kurciya ya kai ƙoƙon shan fura, kuma a nan ban ƙara ko ƙwayar gero ba.

Ni na kai su asibiti a Mafara. Likita ya duba wuyan, ya duba yarinyar, ya tambayi irin gishirin da ake ci a gidan. Yayata ta faɗa masa. Ba ta dube ni ba. Na ce, "Likita, da ta sha ƙwayar nan tana da ciki fa?" Ya ce ba zai rantse ba. Shekaru nake riƙe da wannan "ba zan rantse ba" kamar mai riƙon igiyar rijiya.

Yarinyar yanzu ta isa ɗaukar tulu, amma kalmominta ba su cika tafin hannu ba. Duk ranar kasuwa ina kai musu gishirin leda. Yayata ba ta taɓa tayar da zancen ba, ko sau ɗaya.

Talatar da ta wuce na tarar da ita tana tankaɗe, ta naɗe wuya da mayafi duk da zafin rana. Numfashinta yana fita da ƙara. Na miƙa mata ledar.

"Aje can, ƙanena," ta ce, muryar a shaƙe. "Yanzu kullum na baƙi muke ci."

Na buɗe baki in mayar da wasa, kamar yadda na saba. Sai kawai na aje ledar inda ta nuna, kusa da ƙafar yarinyar.