Ranar da Matan Lungunmu Suka Kwashe Sabulunsu

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda na rantse ba zan manta ba. Amma jajibirin sunan 'yata ta fari yana nan daram a raina, kuma na san da shi za a kai ni kabari.

Ƙarshen shekarun saba'in ne, sojoji sun karɓe mulki a Gana, kaya sun ɓace daga kantunan Ankara, babban birnin ƙasar. Sabulu, sukari, madarar gwangwani, duk sai ka yi layi tun da safe, wata rana ma ka dawo hannu rabbana. Gwamnati ta yanka wa kowane abu farashi, ana ce masa kwantirol. Duk wanda aka kama da tarin kaya a ɗaki sai a ce ɗan kalabule ne, wato mai ɓoye kaya don ya tsuga wa mutane tsada. Hukuncin kuwa nan take ne: a kwantar da mace a kan tebur a bakin hanya, a zane ta jama'a na kallo. Ban ce babu masu ɓoyon ba, akwai su. Amma masu bulalar ba sa tsayawa tambaya.

Ni kuwa na zo wankan jego gidan mahaifiyata, wadda muke kira Mma, a unguwar Nima. Koko da ƙosai take sayarwa a ƙofar gida. A Zango, wato unguwanninmu na Hausawa da sauran baƙi, in aka yi haihuwa, mace ba ta zuwa barka hannu sake, sai da sabulu. Akan jera shi a babban daro a ɗakin mai jego, yadda duk wanda ya shigo zai ga mutuncin gidan. To Mma fa ba ta taɓa jin labarin suna ta zauna ba, daga Nima har Maamobi, ko na Bazabarma ne, ko na Bamoshe, ko na Bayarabe. Da nata ya zo, sai mata suka rama. Duk da wahalar shekarar, wata ta kawo sanda guda, wata ta raba tata biyu ta kawo rabi, har daron ya yi tozo.

Na ce mata, "Mma, don Allah a tura daron nan ƙarƙashin gado. Ba ki ga abin da ake yi a gari ba?"

Ta harare ni. "Kyautar mutane zan ɓoye? Satowa na yi? Wadda ta sha rana a layi ta kawo mini, ta shigo ba ta ga abinta ba, me zan ce mata?"

Ana gobe suna, da hantsi, sojoji suka zo. Mijina ya tafi neman ragon suna, mazan lungun duk suna wajen aiki. Har yau ban san wanda ya kai ƙararmu ba, kuma na daina son sani. Babbansu kofur ne, yana jin irin Hausar nan ta bariki. Ya bankaɗe labulen ɗakina ko sallama babu, ya ga daron, ya yi wata 'yar dariya.

"Kai mama, wannan ɗaki ne ko kanti?"

Mma ta ce, "Ɗana, kayan barka ne. Haihuwa aka yi, ga jaririyar nan."

"Ni ba ɗanka ba ne. Fito!"

Suka kinkimi daron suka dire a tsakiyar lungu. Suka ture tukunyar koko daga kan tebur, suka jawo Mma suka kwantar da ita a kai. Ɗankwalinta ya faɗi a bakin kwata, furfurarta a waje, matar da ni 'yarta ban cika ganin kanta a buɗe ba. Daga ɗaki ina jin ƙofofi suna rufuwa ɗaya bayan ɗaya. Lungun da ba ya shiru ko ana ruwan sama, ranar ya yi tsit.

Sai na ji saukar bulalar farko. Mma ba ta yi ihu ba, salati kawai ta yi.

Mai jego ba ta fita kafin suna, kowa ya san wannan. Na sungumi jaririyar na fito ko takalmi babu. Wallahi a lokacin ba sojojin ne suka fi ba ni haushi ba, ƙofofin nan ne. Na san akwai ido a bayan kowacce. Na ɗaga murya iya ƙarfina.

"Duk wadda ta san ta kawo sabulu gidan nan, ta fito ta ɗauki abinta! Maman 'yan biyu, kina ji na! Hajiya mai goro, na san kina ciki! Wace ce a cikinku Mma ba ta je sunanta ba? Yau a kan sabulunku za a kashe ta kuna leƙe?"

Kofur ya nuna ni da bulala. "Kai, rufe baki, shiga ciki!"

Na ce, "Ba zan shiga ba. In duka ne ka haɗa da jaririyar."

Babu ƙofar da ta motsa. Na tsaya a rana, har na fara tunanin na yi wauta, na jawo wa Mma ƙarin duka.

Can sai ga wata tsohuwa ta fito daga ƙarshen lungu, 'yar ƙabilar Ga ce, Kirista, mai sayar da dokunu, irin tuwon masarar nan na Gana, kowa Anti yake ce mata. Tana tafe tana jan ƙafa, don gwiwa ta dame ta. Ta wuce sojojin kamar ba ta gan su ba, ta sunkuya ta tona daron, ta zaro wani rabin sanda. Ta ɗaga shi da gurguwar Hausarta.

"Wannan nawa ne. Ni na yanka da wuƙa na. Soja, rabin sabulu ma kalabule ne?"

Ta je ta tsaya a gefen teburin, kusa da kan Mma.

Ai kuwa sai ƙofar Hajiya mai goro ta buɗe. Ta ɗauki nata, ta ce, "In zanewa ce ku fara da ni, na girme ta." Maman 'yan biyu ta biyo baya tana kuka tana ba ni haƙuri. Daga nan ban iya bin lissafi ba. Mata suka yi ta ɓullowa, wata da goyo, wata hannu duk ƙullu, kowacce ta san abinta. Kafin ka ce me, daron ya koma wayam. Mata sun kewaye tebur, kowacce da sabulu guda a ƙirji, ba mai zagi, ba mai gudu.

Kofur ya dubi daron, ya dube mu. Tarin da ya zo kamawa babu shi. Ya yi tsaki, ya shuri daron da takalmi, ya ce mutanen Zango mun cika fitina, suka juya suka tafi. Anti ce ta ɗauko ɗankwalin, ta karkaɗe, ta ɗaura wa Mma da hannunta. Sai a lokacin na zauna daɓas a ƙasa ina kuka.

Washegari aka raɗa suna. Kowace mace ta dawo da sabulunta, Mma kuwa ta sa aka ajiye daron a ƙofar gida, ba a ɗaki ba. Tabon bulalar yana bayanta har ta rasu, ni na yi mata wanka na gan shi. Yarinyar da na haifa ɗin ta yi jikoki yanzu, amma tsofaffin lungun 'Yar Sabulu suke ce mata.

Tun daga nan na ga gwamnatoci iri-iri, masu kaki da masu ƙuri'a. Jikokina suna ta musu a kan jam'iyya, suna nuna mini a waya yadda ake taka marasa ƙarfi a wasu ƙasashe, suna cewa sai an sami shugaba nagari. Nakan ce musu Allah ya kawo shi, amma ni ba shugaba ne ya ɗaga uwata daga kan teburin nan ba. Abin da na koya shi ne, mai bulala yana samun ƙarfi ne daga ƙofofin da muka rufe. Shi ya sa har yau, da tsufana da ciwon ƙafata, in na ji ihu a lungu ba na leƙawa ta taga. Ƙofa nake buɗewa in fita.